Tsibiran Faro: Mutanen Da Suka Ci Ƙuri'ar 'Yanci Amma Ba Su Samu Ba

Yau za mu yi nisan zango zuwa arewacin tekun Atlantika, inda wasu 'yan tsibirai suke da ake kira Faro.

Ranar 14 ga Satumba, 1946, mutanen waɗannan tsibirai suka fita ƙuri'ar raba gardama. Tambaya ɗaya aka yi musu: su ci gaba da zama ƙarƙashin Danmak bisa wasu sharuɗɗa da ta gindaya, ko su ɓalle su zama ƙasa mai cin gashin kanta? Da aka ƙirga, masu son ɓallewa suka samu kashi 50.7 cikin 100. Ratar ba ta kai ƙuri'a 200 ba, har ma ƙuri'un da suka lalace sun fi ta yawa. Bayan kwana 4 shugaban majalisarsu, Thorstein Petersen, ya shelanta cewa Faro ta zama ƙasa. Ba a jima ba Sarkin Danmak, Christian na 10, ya rushe majalisar ya kira sabon zaɓe. A zaɓen watan Nuwamba na shekarar, jam'iyyun da ba sa son ɓallewa suka yi rinjaye.

Har yau Faro tana cikin Masarautar Danmak. Amma ita ke yin dokokin harajinta, ita ke kula da makarantunta da kifinta, tana da tutarta da harshenta da firaministanta. Yadda aka yi ta kai nan bayan an hana ta abin da ta zaɓa, shi ne labarinmu na yau.

ƘASAR DA YANAYINTA

Tsibirai 18 ne, ana zaune a 17. Guda ɗaya, Litla Dimun, tumaki da tsuntsaye kaɗai ke kansa. Suna tsakanin Aislan ta arewa maso yamma, da Norwe ta gabas, da Sikotlan ta kudu. Kofanhegan, babban birnin Danmak, yana nesa da su da fiye da kilomita 1,000. Faɗin ƙasar duka bai wuce murabba'in kilomita 1,400 ba, kuma duk inda mutum ya tsaya, teku ba ta fi kilomita 5 daga gare shi ba.

Duwatsu ne na aman wuta, baƙaƙe, masu gangare, teku ta ratsa tsakaninsu lungu-lungu. Dutse mafi tsawo, Slaettaratindur, ya kai mita 880. Tsibiri mafi girma shi ne Streymoy, a kansa babban birni Torshavn yake. Sai Eysturoy mai bi masa. Gari na biyu a girma shi ne Klaksvik, garin masunta a tsibiran arewa.

Duk da kusancinsu da ƙuryar arewa, sanyinsu bai kai yadda mutum zai zata ba, domin akwai ruwan ɗumi da ke gangarowa ta cikin teku daga kudu yana rage kaifinsa. Sai dai zafi ma babu. Iska da hazo da yayyafi su ne abincin yau da gobe, ana samun ruwa a fiye da kwana 200 cikin shekara. A tsakiyar shekara rana kan yi kusan awa 20 ba ta faɗi ba, a watan Disamba kuwa hasken yini bai fi awa 5 ba. Itatuwa ba su cika yi ba saboda iska. Ciyawa ce ke yi, shi ya sa tumaki suka fi mutane yawa: ana lissafa su kimanin 70,000, mutane kuwa kimanin 54,000. Masana da yawa na ganin sunan ƙasar ma, Foroyar a harshensu, ma'anarsa tsibiran tumaki.

Ƙasa irin wannan ba ta ciyar da mutum da hatsi. Abin da ke ciyar da shi yana cikin teku, kuma komai na siyasar Faro a kan wannan yake juyawa.

MUTANEN DA ASALINSU

Wajen shekarar 825 wani malamin Kirista ɗan Ailan mai suna Dicuil ya rubuta labarin wasu tsibirai a arewacin Birtaniya, cike da tumaki da tsuntsayen teku, inda masu zuhudu daga ƙasarsa suka taɓa zama. Ana kyautata zaton Faro yake nufi. Masu tonon tarihi kuma sun gano ƙonannun ƙwayoyin sha'ir a tsibirin Sandoy da ke nuna an zauna a wurin tun kafin lokacinsa da ɗaruruwan shekaru.

Kakannin mutanen yanzu dai 'yan Norwe ne da suka iso ta jiragen ruwa a ƙarni na 9, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Sikotlan da Ailan, suka zo da mata da bayi daga can. Sun zo da al'adar taron shawara, inda magidanta ke haɗuwa su yanke hukunci. Wurin taron wani ɗan tsinin dutse ne da ya kutsa cikin teku a Torshavn, ana kiransa Tinganes. Daga wannan taro majalisarsu ta Logting ta samo asali, tana cikin mafi daɗewa a duniya. Har gobe ofisoshin gwamnati a Tinganes suke, cikin jajayen gidajen katako masu rufin ciyawa.

Addinin Kirista ya shiga wajen shekarar 1000. Tsohon labarinsu ya ce Sigmundur Brestisson ne ya kawo shi da goyon bayan Sarkin Norwe, wani babban mutum mai suna Trondur na ƙauyen Gota ya yi ta ja da shi. A 1035 tsibiran suka shiga ƙarƙashin Norwe. Takardar doka mafi daɗewa da suke da ita ta 1298 ce, kuma sunanta Wasiƙar Tumaki, domin yawancin abin da ke cikinta dokokin kiwo ne.

YADDA SUKA FAƊA HANNUN DANMAK

Ba da yaƙi Danmak ta ci Faro ba, ta hanyar gadon sarauta ne. A 1380 Norwe da Danmak suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya, sannu a hankali mulki ya tattara a Kofanhegan. A ƙarni na 16, da aka sauya tsarin coci zuwa ɗariƙar Luta, harshen Danmak ya zama na coci da kotu da takardun hukuma. Harshen Faro ya ɓace daga takarda kusan shekara 300.

Ciniki ma aka toshe. Daga 1709 zuwa 1856 kamfanin sarki ne kaɗai ke da ikon saye da sayarwa da tsibiran. Shi ke yanka farashin safar ulu da mutane ke saƙawa, shi ke yanka na hatsin da suke saye. Wani matuƙin jirgi kuma mawaƙi, Nolsoyar Pall, ya yi fito-na-fito da wannan babakere. A 1804 ya haɗa jirgin ruwa mai iya ƙetare teku, na farko da 'yan tsibiran suka mallaka cikin ɗaruruwan shekaru, ya kuma yi wata waƙar zambo inda ya mayar da jami'an hukuma tsuntsaye masu farauta. Bayan 'yan shekaru ya ɓace a teku yana hanyar kawo wa mutanensa hatsi.

A 1814, bayan yaƙe-yaƙen Napoliyon, aka yi yarjejeniyar Kiel. Danmak ta rasa Norwe, amma ta riƙe Faro da Aislan da Girinlan. A 1816 ta rushe Logting, ta mayar da Faro gunduma kamar kowace gunduma tata. An dawo da majalisar a 1852, amma ba ta da iko sai na ba da shawara.

HARSHEN DA YA RAYU A BAKA

Duk tsawon lokacin nan harshen bai mutu ba, saboda abu biyu. Na farko hirar dare: a dogon duhun hunturu iyali kan taru a ɗaki ɗaya, ana kaɗi da saƙar ulu, ana ba da labari. Na biyu rawar gargajiya: a riƙe hannun juna a yi zobe, taku biyu hagu, taku ɗaya dama, babu ganga babu goge, sai murya. Mai ba da waƙa yana ja, jama'a na amshi. Wasu waƙoƙin baituka ɗaruruwa ne, duk da ka ake riƙe su.

Shekarar 1846 ta shiga tarihinsu ta ƙofa biyu. A cikinta ƙyanda ta ɓarke bayan shekara 65 ba a gan ta ba, ta kama kimanin mutum 6,000 cikin kusan 7,800 da ke tsibiran. Wani matashin likita daga Danmak, Peter Panum, ya bi ta ƙauye-ƙauye, rahotonsa ya zama ginshiƙi a ilimin yaɗuwar cututtuka. A cikinta kuma wani ɗalibin ilimin addini ɗan tsibiran, V. U. Hammershaimb, ya fitar da ƙa'idojin rubuta harshen Faro.

Matsalar da ya tarar ita ce kowane tsibiri da karin harshensa. In ya rubuta yadda mutanen kudu ke furtawa, na arewa za su ce ba nasu ba ne. Sai ya koma ga tsohon harshen kakanninsu, ya gina rubutun a kan asalin kalma, ba a kan furuci ba. Wannan ya sa rubutun ya yi wuyar koyo, har akwai harafin da ake rubutawa ba a furta shi. Daga baya masanin harshe Jakob Jakobsen ya kawo tsarin da ke bin furuci, aka yi ta muhawara, amma na Hammershaimb ya tsaya, shi ake amfani da shi har yau. Ribarsa ita ce kowa na karantawa da karin garinsu, rubutu kuwa ɗaya ne.

Da aka buɗe ciniki a 1856, arziki ya fara motsi. Daga shekarun 1870 suka riƙa sayen tsofaffin jiragen kamun kifi daga Birtaniya suna zuwa teku mai nisa. Yawan jama'a ya tashi daga kimanin 5,000 a 1801 zuwa kimanin 15,000 a 1901. Manoma da makiyaya suka zama masunta, masu kuɗi da 'yan boko suka samu.

Ranar 26 ga Disamba, 1888, aka kira taro a zauren majalisa a Torshavn don kare harshe da al'adun ƙasa. Cikin jagororin akwai Joannes Patursson, matashin manomi ɗan shekara 22, da Rasmus Effersoe. Aka kafa ƙungiya a farkon 1889, jaridar farko cikin harshen ta fito a 1890, ƙagaggen labari na farko kuma a 1909. A farko maganar harshe ce kawai, amma ba ta tsaya nan ba. A 1906 siyasar tsibiran ta rabu gida biyu, masu son ci gaba da haɗe da Danmak da masu son mulkin kai. Dokar makarantu ta 1912 ta wajabta koyarwa da harshen Danmak, aka yi ta fama da ita har aka soke ta a 1938.

YAƘIN DA YA RABA SU DA UWAR GIJIYA

Ranar 9 ga Afrilu, 1940, Jamus ta mamaye Danmak. Cikin 'yan kwanaki sojojin Birtaniya suka sauka a Faro don kada Jamus ta riga su. Shekara 5 babu wata hulɗa da Kofanhegan. Logting da wakilin Danmak da ke wurin su suka riƙe ƙasar.

Jiragen Faro suka shiga jigilar kifi daga Aislan zuwa Birtaniya, cikin tekun da ke cike da nakiyoyi da jiragen yaƙin Jamus. An samu kuɗi, amma fiye da matuƙa 200 suka rasu, a ƙasar da mutanenta ba su kai 30,000 ba. Tun da tutar Danmak ta zama ta ƙasar da ke hannun abokan gaba, ranar 25 ga Afrilu, 1940, Birtaniya ta amince jiragen su ɗaga tutar Faro, fara mai jan gicciye da shuɗin gefe, wadda wasu ɗalibai suka zana a Kofanhegan a 1919. Har yau ana bikin wannan rana. Filin jirgin sama ɗaya tilo da ke ƙasar, a tsibirin Vagar, shi ma sojojin Birtaniya suka gina shi.

Da yaƙi ya ƙare, mutanen da suka riƙe kansu shekara 5 ba su yarda su koma gunduma ba. Ga kuma maƙwabciyarsu Aislan ta zama jamhuriya a 1944. Wannan ne ya kai ga ƙuri'ar 1946 da muka fara da ita.

TSARIN MULKIN DA AKA SASANTA A KAI

Bayan rushe majalisa da sabon zaɓe, aka zauna teburin sulhu. Abin da ya fito shi ne Dokar Mulkin Cikin Gida, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1948. Ta amince cewa Faro al'umma ce mai mulkin kanta cikin Masarautar Danmak, ta amince da tutarta, ta kuma mayar da harshen Faro babban harshen ƙasa, tare da sharaɗin a koyar da na Danmak sosai.

Dokar ba ta miƙa komai lokaci ɗaya ba. Ta jera fannonin mulki, ta ce Faro na iya karɓar su ɗaya bayan ɗaya. Amma fannin da ta karɓa, ita za ta yi masa doka, ita za ta biya kuɗinsa. Haka suka riƙa karɓa: haraji, kamun kifi, gidan waya, makarantu. Sun kafa jami'arsu a 1965. A 1992 suka karɓi ikon ma'adinan ƙarƙashin ƙasa. A 2005 aka yi sabuwar doka da ta ba su damar karɓar kusan kowane fanni da suka ga dama, ban da tsarin mulkin masarauta, da shaidar zama ɗan ƙasa, da kotun ƙoli, da harkokin waje da tsaro, da manufofin kuɗi. A 2007 cocinsu ma ya rabu da na Danmak.

Yau Logting na da kujeru 33, ana zaɓensu na shekara 4, ƙasar duka mazaɓa ɗaya ce. Shugaban gwamnati ana kiransa Logmadur, tsohon suna mai nufin mutumin doka. Ana buɗe zaman majalisa kowace shekara ranar 29 ga Yuli, ranar bikin ƙasa na Olavsoka. Faro na tura wakilai 2 majalisar Danmak mai kujeru 179, Danmak kuma na da babban wakili a Torshavn, wanda ke iya zama a Logting ya yi magana amma ba ya jefa ƙuri'a. Suna da takardun kuɗinsu masu darajar kuronar Danmak daidai wa daida.

Babbar shaidar wannan iko ta fito a 1973, lokacin da Danmak ta shiga ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai. Faro ta ƙi shiga, domin shiga na nufin buɗe tekunta ga jiragen wasu ƙasashe. A 1977 ta faɗaɗa iyakar kamun kifinta zuwa mil 200. Kusan kashi 90 cikin 100 na kayan da take fitarwa kifi ne, haɗe da salmon da ake kiwo a kejin teku. A 2013, da suka saɓa kan rabon kifin herin, Tarayyar Turai ta ƙaƙaba mata takunkumi, har ya zama tashoshin Danmak ma a rufe suke ga jiragen Faro masu ɗauke da wannan kifi. An sasanta a 2014.

Akwai kuma al'adar da ke jawo musu suka daga waje, wato koro wasu manyan dabbobin teku masu shayarwa da suke kira grind zuwa gaɓa, a yanka a raba naman ga jama'a. Suna da rubutaccen lissafinta tun 1584. A Satumbar 2021 an kashe dolfin fiye da 1,400 rana ɗaya, abin da ya tayar da muhawara har a cikin gida. Dokar wannan farauta ma a hannun gwamnatin Faro take, don haka yabo da zargi duk a kanta suke sauka.

NAUYIN KAYA

Mai tambaya zai ce, to tun da sun kai nan, me ya hana su ƙarasa? Amsar kuɗi ce. A farkon shekarun 1990 kifi ya yi ƙaranci, bashin da aka ci aka sayi jirage ya yi yawa, manyan bankunan ƙasar suka durƙushe daga 1992. Mutane dubbai suka tattara suka koma Danmak neman aiki. Danmak ta kawo rance da sharuɗɗa masu tsauri, kuma yadda aka tafiyar da lamarin ɗaya daga bankunan ya bar wa 'yan Faro ɗaci a zuci. Wannan ya sake hura wutar neman 'yanci.

A 2000 gwamnatin Faro ta je Kofanhegan da shirin ɓallewa, tana neman a janye tallafin shekara-shekara sannu a hankali cikin dogon lokaci. Firaministan Danmak na lokacin, Poul Nyrup Rasmussen, ya ce ba a hana su tafiya ba, amma tallafi zai ƙare cikin shekara 4. Tattaunawa ta watse, aka fasa ƙuri'ar da aka shirya yi a 2001. Abin da suka yi maimakon haka shi ne, a 2002 su da kansu suka nemi a rage tallafin da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Tun daga nan tattalin arzikinsu ya farfaɗo, jama'a suka dawo. Sun haƙa hanyoyin mota ta ƙarƙashin teku don haɗa tsibiran: ta Vagar a 2002, ta Klaksvik a 2006, ta Eysturoy a 2020 mai tsawon kilomita 11 da shataletale a ƙarƙashin ruwa, sai ta Sandoy a 2023. Tallafin Danmak na nan, amma kasonsa cikin arzikin ƙasar sai raguwa yake.

Har yau jam'iyyunsu a rabe suke kan maganar ɓallewa, kamar yadda suke tun 1906. Mai goyon bayan haɗin kai zai tuna maka 1992, ya ce ƙasar da ta dogara da kifi kaɗai tana buƙatar bango. Mai son 'yanci zai tuna maka 1946, ya ce an taɓa tambayarsu sun amsa ba a saurare su ba. Kowanne na da hujjarsa. Abin da ba a gardama a kai shi ne, cikin shekarun da suka biyo bayan rushe majalisar nan, 'yan Faro sun karɓi yawancin abin da suka nema ranar ƙuri'a, fanni bayan fanni, kuma kowane fanni sai da suka yarda su ɗauki nauyinsa kafin ya zama nasu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, sai dai a daɗe ba a je ba.

Nan zan dakata. Wanda ya ga gyara ko yake da ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.